Kalmar da Aka Rubuta wa Mariatu

Malam Alkasim ya tura kwalaben man kitso gefe, ya aza ƙamus ɗinsa a kan teburin shagon, ya lashi yatsa ya shiga buɗe shafuka. Littafin ya tsufa, bangonsa da salatif aka riƙe shi. Mariatu tana tsaye a bakin ƙofa da mayafi a kan rigar sanyi, tana jira. Takwas na safe ba ta cika ba, kuma ƙarfe goma ake son su a kotu.

"Ga ta nan," in ji shi. "Contumacious. Shekara goma sha ɗaya ina buga takardun Turanci a ofishin jakadanci, ban taɓa cin karo da ita ba sai a takardar nan taki ta kotu."

Yaa, mai shagon, 'yar zangon Kumasi ce, ba ta da haƙuri. Ta ajiye tsintsiya ta ce, "Malam, faɗa mana da Hausa. Ba makaranta muka zo ba."

"Taurin kai," ya ce. "Amma ba irin na yaro ba. Na mutumin da hukuma ta kira shi, ya ji sarai, ya ƙi amsawa da gangan." Ya gyara tabarau ya bi layin da yatsa. "Tsohuwar kalma ce, daga Latin ta fito, harshen da malaman cocin Turawa suke rubutu da shi a da. A kotunan coci na zamanin can, in an kira mutum ya ƙi, an sake kira ya ƙi, sai a rubuta masa ita. Daga nan a fitar da shi daga cikin jama'a. Ba mai zama da shi, in ya mutu ma ba su binne shi yadda suke binne nasu. Yanzu lauyoyi ne suka riƙe ta. Ba sa ciro ta sai suna so alƙali ya ji haushin mutum."

"Duk wannan a kan Mariatu?" in ji Yaa. "Matar da in kwastoma ta zage ta godiya take yi?"

Malam Alkasim ya rufe littafin. Dattijo ne mutumin Kano, aminin mijin Mariatu, kuma ba ya ɓoye wa mutum magana don ya ji daɗi. Ya ce, "Ƙanwata, ga abin da takardar ta ce. In yau ma kika yi abin da kika yi wancan zaman, za su roƙi alƙali a bar 'yarki a hannun masu riƙo har shekara. Bayan shekara kuma, ni ban san yaron da ya dawo daga hannunsu yana jin Hausa ba."

Mariatu ta kau da fuska. Idonta yana kan kusurwar da tukunyar ruwan zafi take zama. Yaa ta riga ta ɗauke ta daga nan ta mai da ita kan wata kanta mai tsawo, amma tabon ruwan yana nan a jikin ledar ƙasa.

Abin ya faru ne mako bakwai da suka wuce, a watan Satumban 1994. Duk mai kitso da gashin doki ta san ana tsoma jelar kitson a tafasasshen ruwa don kada ta warware. A ranar, Hamdatu, 'yar Mariatu mai shekara tara, ta shigo shagon da gudu daga makaranta, jakarta ta ja wayar rishon lantarkin, tukunyar ta kife mata a hannun hagu. Mariatu ta sungume ta, ta goya ta kamar jaririya, ta yi gudu da ita layi huɗu a Tremont, unguwarsu a wannan birnin na Turawa, har asibiti, takalminta ɗaya ya faɗi a hanya ba ta waiwaya ba. Wannan ba wanda ya rubuta shi. Abin da aka rubuta shi ne na cikin asibitin. Da ta shiga cikin mutane sai ta sauke yarinyar, ta koma jikin bango ta kau da kai. Nas ta tambayi sunan yarinyar, Mariatu ta nuna mata katin da ke jikin jakar makaranta. Yarinyar tana kuka tana miƙo hannu, ita kuwa ta ce mata, "Ke, yi shiru."

Wanda aka haifa a Tasawa, garin su Mariatu, ba sai an yi masa bayani ba. Hamdatu 'yar fari ce. Uwar kirki ba ta kama sunan ɗan fari, ba ta rungume shi a gaban mutane, ba ta nuna ya dame ta ko da cikinta yana ci da wuta. A gida da kaka ce za ta ɗauki yarinyar ta lallashe ta, ta kira sunanta sau ɗari, kowa ya yaba wa uwar da kunya. To, nan babu kaka. Uban, Idrissa, ya tafi gida rasuwar mahaifinsa tun watan Yuni, yana can Yamai yana jiran biza. Kwana biyu da ƙunar, ma'aikatan kula da yara suka ɗauke Hamdatu daga gadon asibiti suka kai ta gidan wasu mutane da Mariatu ba ta san ko sunansu ba.

A zaman farko tafintan Faransanci aka kawo mata, ita da Faransancinta bai wuce na kasuwa ba. Amma tambayar ta gane ta. Alƙalin mace ce, ta ce ta faɗi sunan 'yarta. Mariatu ta yi shiru. Aka sake tambaya, ta sunkuyar da kai. Da aka yi ta uku ta ja mayafi ta rufe fuska. A nan lauyan ma'aikatan ya sami kalmarsa.

"Ku tafi kada ku makara," in ji Yaa. Ta cusa wa Mariatu ƙullin waina a jaka. "Ki ba ta in kin gan ta. Kuma sista, suna ne fa. Ni nawa ɗan farin sau goma nake kwala masa kira kafin ya tashi daga barci, ga shi nan ƙato, sai cin abinci."

"Ku mutanen Kumasi ba ku da kunya," in ji Malam Alkasim.

"E, ba mu da ita. 'Ya'yanmu kuma suna gida."

Ba wanda ya yi dariya.

Suka gangara tashar ƙarƙashin ƙasa suka shiga jirgin ƙasa mai alamar D. Cike yake da masu zuwa aiki, suka tsaya kusa da ƙofa, Malam yana rungume da ƙamus ɗinsa kamar za a tambaye shi a kotu. Fitilun taragon suna ɗaukewa suna dawowa.

"Na yi magana da lauyanki jiya," ya ce. "An yarda ni zan yi tafinta, za su rantsar da ni. Zan yi wa alƙali bayanin al'adarmu iya iyawata. Amma kada ki sa rai bayanin ya wadatar. Za ta so ta ji daga bakinki."

"Ba za ka iya faɗa a madadina ba, Malam? Ni in motsa baki, kai ka faɗa."

"Suna ba ya buƙatar tafinta. Kuma ni ba na yin ƙarya a kan rantsuwa, ko don Idrissa." Ya dube ta. "Kunya ado ce a inda aka san ta. Nan ba su san ta ba. Sau ɗaya ne, Mariatu. Ba Bahaushen da zai ji sai ni, ni kuwa zan manta kafin mu fito."

Jirgin ya tsaya a cikin rami, ba tasha ba, ya yi ta gunji a wuri ɗaya. Sai a nan ta yi magana, tana kallon baƙin gilashin ƙofar.

"Ba kunya kaɗai ba ce."

"To mene ne?"

"Yayana Moro shi ne na farin innarmu. Tun tasowata ban taɓa jin sunansa a bakinta ba. Wancan take ce masa. Ranar da zai tafi cirani Legas, ina da shekara sha ɗaya, ya fita ya bar hularsa a kan turmi. Inna ta ɗauka ta leƙa ta kan darni. Ya yi nisa, ba zai ji ba in ba ta kira ba. Sai ta manta kanta ta kira shi da sunansa, da ƙarfi, duk unguwa aka ji. Ya juyo yana dariya, ya dawo ya amshi hular." Ta juyo ta dube shi. "Kwana uku, Malam. Ran na uku aka zo mana da labarin motarsu. Hular kaɗai aka kawo."

Malam Alkasim ya yi salati a hankali. Sa'an nan ya ɗaure fuska. "Wannan ba addini ba ne. Ajali a hannun Allah yake, ba a bakin uwa ba. Kin sani."

"Na sani. Inna ma ta sani. Har ta rasu ba ta sake kiran kowa daga nesa ba."

Jirgin ya girgiza ya tashi.

A hawa na uku na ginin kotun akwai dogon baranda da bencina, cike da iyaye mata da jarirai da mazan da suka cire hula suna juya ta a hannu. Ɗan sanda yana kiran sunaye daga wata takarda. Mariatu ta hango 'yarta tun daga nesa, zaune kusa da wata ma'aikaciya mai jan littafi a cinya. An sa mata wando da rigar da ta fi ƙarfinta. Hannun yana naɗe da farin bandeji. Amma kan ne ya fi tsaya wa Mariatu a rai. An tsefe kitson da ta yi mata, an tattara gashin an ɗaure da roba wuri biyu, ya bushe ya cukurkuɗe, ko mai bai gani ba.

Hamdatu ta taso da gudu ta faɗa jikinta ta ƙanƙame ta. Mariatu ta ji ƙashin kafaɗar yarinyar ta cikin rigar. Hannayenta suka taso, sai ta tuna Malam yana tsaye, suka koma gefe. Ma'aikaciyar ta buɗe jan littafin ta rubuta wani abu.

Malam Alkasim ya gani. Ya juya musu baya, ya tafi bakin taga ya tsaya yana kallon motoci. Mariatu ta ɗora tafinta a kan gashin yarinyar, ta danna shi sau ɗaya.

"Wa ya yi miki wannan kan?"

Yarinyar tana jin Hausa, amma da Turanci take amsawa. Mako bakwai kuma sun ƙara wa Turancin gudu. Abin da Mariatu ta tsinta shi ne, matar gidan tana da kirki, akwai kare, kuma sun tambaye ta ko mamanta tana cewa tana sonta.

"Me kika ce musu?"

"Na ce kina yi mini kitso kowace Lahadi."

Mariatu ta ciro ƙullin wainar. Ma'aikaciyar ta ɗaga hannu, ta ce ba a ba yara abinci daga waje. Ɗan sandan ya kira sunan Mariatu, ya karya shi gida biyu. Aka bar Hamdatu a baranda.

Ɗakin shari'ar ƙarami ne, ba taga. Bututun ɗumama ɗaki yana ta ƙwanƙwasa kamar ana buga ƙofa daga cikin bango. Alƙalin tana sama, furfura a kanta, tabarau a ƙarshen hanci. Lauyan ma'aikatan ya tashi ya yi magana mai tsawo. Mariatu ba ta gane komai ba sai kalmar nan, ta ji ta sau biyu, kuma duk lokacin da ya faɗe ta sai ya nuno ta da biro. Nata lauyan, wani saurayi mai mura wanda kotu ta ba ta, ya kawo takardar likita cewa ƙunar ta yi daidai da haɗari, da takardar makaranta cewa yarinyar ba ta fashi. Sa'an nan aka ba Malam Alkasim dama, ya yi bayanin kunyar ɗan fari da Turancinsa na ofis, a tsanake, har da cewa shi ma mahaifiyarsa ba ta taɓa kama sunan yayarsa ba.

Alƙalin ta saurara har ƙarshe. Ta cire tabarau ta yi magana, Malam yana juyawa.

"Ta ce ta ji, kuma ba ta raina al'adar kowa ba. Ta ce amma a gabanta akwai yarinya da ƙonannen hannu, da takardu uku masu cewa uwar ba ta ko kallonta. Ta ce ita takarda take gani, ba ta ganin zuciya. Ta ce tambaya ɗaya za ta yi, kuma ba za ta maimaita ba." Ya juyo ya fuskanci Mariatu. "Wace ce yarinyar da kike so ta ba ki?"

Bututun ya ci gaba da ƙwanƙwasa. Mai buga maganganu ta ɗaga yatsunta daga kan na'ura tana jira. A zuci Mariatu ta ga turmi da hula a kansa. Ta ga busasshen gashin nan da roba biyu, ta ga shekara guda ta wuce a kansa, sa'an nan wata.

"Rufe ido," Malam ya raɗa mata. "Ki ɗauka ba kowa."

Lauyan ma'aikatan ya miƙe ya ce tafinta yana ba ta amsa. Alƙalin ta gargaɗi Malam, ta dubi agogon bango, ta jawo takardar gabanta ta ɗauki biro.

Mariatu ba ta rufe ido ba. A ranta ta ce, ya Allah, in akwai abin da zai biyo baya, ni ya samu. Sa'an nan ta buɗe baki.

"Hamdatu."

Muryar ba ta kai ko teburin lauyoyi ba. Mai buga maganganu ta ce ba ta ji ba, a sake.

"Hamdatu."

Alƙalin ta ce a faɗi cikakken suna, don a rubuta.

"Hamdatu Idrissa," in ji Mariatu, da ƙarfi wannan karon, har ɗan sandan bakin ƙofa ya ɗago. Sunan miji ma ba ta taɓa kama shi ba, ga shi ta haɗa biyun a numfashi ɗaya. Ta zauna ba a ce ta zauna ba. Malam Alkasim yana kallon takalminsa.

Sauran bai ɗauki minti goma ba. Alƙalin ta ce a mai da yarinyar hannun uwarta yau, na gwaji, wata shida. Ma'aikaciya za ta riƙa zuwa gida ba sanarwa. Za a kai yarinyar wankin ciwo duk ranar da likita ya sa. Za ta je makaranta kullum ba fashi, kuma makarantar za ta riƙa aiko da rahoto. In aka karya ko ɗaya, a dawo gabanta. Malam ya juya mata sharuɗɗan ɗaya bayan ɗaya, ta dangwala hannu inda aka nuna.

A bakin ƙofa Malam ya tare lauyan mai mura ya tambaye shi ko yanzu za a goge kalmar nan daga takardun. Lauyan ya fyace hanci, ya ce ba a goge komai, tana nan cikin fayil, amma ba wanda zai sake duba ta in ba a dawo ba.

Sha biyu ta wuce suka fito. Iska mai sanyi tana kaɗa tsofaffin jaridu a kan matakala. Hamdatu tana cin wainar Yaa da hannu ɗaya, kayanta a baƙar ledar shara da ma'aikaciyar ta miƙo musu. Ta ji abin da ya faru a bakin lauyan, sai tsalle take yi.

"Da gaske kin faɗa, Mama? Sau uku? Faɗa in ji."

"Ke, kalli gabanki."

"Sau ɗaya kawai."

"Na ce kalli gabanki."

Suka iso bakin babban titi, mai layin mota takwas. Fitila ta ba masu ƙafa hannu, mutane suka zuba, Malam Alkasim ya sauka daga kan dakali. Hamdatu ta ɗaga ƙafa za ta bi shi, Mariatu ta cafke wuyan hannunta mai lafiya, ta riƙe har yarinyar ta ce da zafi. Malam ya waiwayo daga tsakiyar titi, ya ga ba su taho ba, ya dawo. Fitilar ta canza. Wata babbar motar kaya ta wuce gab da dakalin, iskarta ta ɗaga mayafin Mariatu.

Fitilar ta sake ba su hannu. Ba ta motsa ba.

"Yau Talata," ta ce.

"Talata ce."

"Laraba, Alhamis, Juma'a. Ba za ta fita ba sai Asabar. Ko ƙofar gida."

Malam Alkasim ya dube ta da kyau. "Mariatu, yanzu kika dangwala hannu. Makaranta kullum, ba fashi. Ni na juya miki da bakina. In ta yi fashin kwana uku a makon farko, kin san gaban wa za a mai da ke, kin kuma san abin da ke cikin fayil ɗin nan yana jiran ki."

"Na ji, Malam."

"Kin ji, ko kin yarda?"

"Na ji sarai," in ji ta. "Kwana uku ne."

Ya gyara ƙamus ɗin a hammatarsa. Fitilar ta ba su hannu karo na uku, Mariatu ta duba dama, ta duba hagu, ta sake duba dama, sa'an nan ta sa yarinyar a tsakaninsu suka tsallaka.